Akwatunan Isufu Mai Majigi

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Jibiya ba za su bar ni ba. Har yau in na je garin ta'aziyya ko ɗaurin aure, sai an sami wani dattijo ya dube ni ya ce, "Malam Tafinta, ya surukin naka?" sannan ya rufe bakinsa da hannun riga. Ni dai sai in ce lafiya lau. Me zan ce?

Abin ya faru ne a 'yan shekarun nan na gab da samun mulkin kai. Ban daɗe da dawowa daga Ingila ba, da digirina na harshen Faransanci da adabinsa. Aka ce in jira a samo mini gurbin koyarwa, kafin nan aka ajiye ni a ofishin kwastan na bakin iyaka ina tafinta, tunda direbobin da ke fitowa daga Maraɗi takardunsu da Faransanci ake rubuta su. Aikin ba shi da wuya, ni ne na mai da shi mai wuya. Ni mutum ne wanda in na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon (wani lokaci ma in sake dawowa, don in tabbatar taɓawar da na yi ba ta buɗe shi ba).

A lokacin ina neman auren Hajara, 'yar Alhaji Bawa, wani babban ɗan kasuwar fata da ke zaune a Magama, nan bakin iyaka, yana ciniki tsakanin nan da Maraɗi. Ita Hajara ta amince, ko in ce ban ga alamar ba ta amince ba. Amma da kawuna ya je wajen mahaifinta, sai Alhaji ya ce a dakata tukuna. "Yaran da sunka je Turai," in ji shi, "a jirgin ruwa suke baro ladabinsu. Bari in ga ko nashi ya sauko tare da shi." Tun daga ranar na shiga taitayina. In na hango Alhaji daga nesa sai in canja hanya. In ba makawa sai in cire takalmi in durƙusa, idona a ƙasa, ba na ɗagowa sai ya wuce. Zan iya cewa na fi sanin takalmansa a kan fuskarsa.

Sai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa a Jibiya ba: ban taɓa ganin majigi ba. Ranar da zan tafi karatu mahaifina ya riƙe hannuna ya sa na yi masa alkawarin ba zan shiga gidan giya ba, ko gidan rawa, ko gidan sinima. Na kuma cika. Amma ka ji ikon Allah, rubutun da na yi na kammala digiri a kan sinima ne, wato yadda marubutan labarai na Faransa suka karɓe ta sa'ad da ta fara fitowa. Na san sinima kamar yadda wanda ya haddace littafin aikin Hajji ya san Makka.

Su marubutan nan ba bakinsu ɗaya ba. Wasu sun raina ta, suka ɗauke ta wasan bakin kasuwa, abin kallon wanda ba ya iya zama da littafi. Wasu kuma sun so ta har ta shiga alƙalaminsu, suka koma rubuta labari gutsi-gutsi, daga nan a yi tsalle can, kamar yadda hoto ke sauyawa a kan allo. Amma waɗanda suka kama zuciyata su ne matsorata, ƙila don jininmu ya haɗu. A labaransu za ka ga mutum ya mutu amma inuwarsa na nan tana murmushi a bango, na raye suna zarya wajenta har su manta da kabari. Za ka ga taron jama'a sun shiga ɗaki mai duhu da hankalinsu, sun fito kamar tumaki, duk inda mai injin ya nuna nan suke bi. Za ka ga saurayi ya bar macen da ke gabansa ya mace a kan wadda aka yi da haske. Abin da suke tsoro, in na fahimce su daidai, shi ne ranar da mutum zai kasa bambance mutum da inuwar mutum. Na karanta su har sun zame mini kamar gargaɗin kakanni.

To, ana cikin zafin bazara, wata rana da hantsi sai ga babbar mota daga Maraɗi. Aka sauke wani gajeren mutum mai hular Faransawa kamar faifai, da akwatunan katako da ya hana 'yan dako su taɓa sai yana tsaye. Ya ce sunansa Isufu. Na sa aka buɗe. Ga wani inji mai ido ɗaya, ga ƙaramin injin wuta, ga farin ƙyalle a naɗe, ga wasu gwangwanaye masu faɗi a rufe gam.

"Mene ne wannan?" (Na sani sarai. Na ga zanensa a littafi. Gabana ne ya faɗi.)

"Majigi ne, Mushe," in ji shi. Haka mutanen can ke kiran duk wanda suka gani da alƙalami a aljihu.

"Ina za ka kai shi?"

"Kasuwar Jibiya. A nuna ma mutane su yi kallo."

"Wa ya kira ka?"

"Wani babban mutum."

"Ba shi da suna?"

Isufu ya sosa ƙeya ya dubi gefe. "Shina da suna, Mushe. Ya dai ce kar in faɗi."

Shi ke nan. Da ya ce kar a faɗi ɗin nan, duk littattafan da na karanta suka tashi tsaye a kaina. Na wuce wajen shugabanmu, Malam Sanda, wani dattijo Bakatsine da ya tsufa a aikin kwastan, ba abin da ke tayar masa da hankali sai in goro ya yanke. Na same shi a inuwar bishiyar bedi yana fifita.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin, in ba ka ga laifi ba, kamar ya kamata a ɗan dakatar da kayan nan."

"Mi sunka yi?"

"Ba su yi komai ba tukuna."

"To, 'yan duwan na can sun duba sun bar shi ya wuce." (Duwan su ne 'yan kwastan na ɓangaren Faransa.) "Mu mi namu?"

"Ai barinsa da suka yi shi ne abin tsoron, ranka ya daɗe."

Na zauna na yi masa bayani. A shekarun nan manoma na yawan tsallaka iyaka da gyaɗarsu su sayar a can, hukuma kuma ba ta so. Na ce wa ya sani ko an shirya hoton nan ne don a nuna wa mutanen ƙauyukan Gangara da Kusa daɗin ƙasar Faransa, su tashi da safe su ɗora buhuna a jakuna ba su san abin da ya tashe su ba? Na ce ban ce haka ne ba. Na ce amma ban ce ba haka ba ne.

Malam Sanda ya tashi ya je ya ja Isufu gefe, suka yi ƙus-ƙus. Da ya dawo sai na ga gefen bakinsa yana rawa. Ya ce, "Malam Tafinta, kai ka yi karatun abin. Na bar maka." Da ina da wayo, da wannan rawar bakin ta ishe ni ishara. Ni kuwa sai na ƙara shi a jerin waɗanda nake zargi.

Kwanakin da suka biyo baya ni da Isufu muka zama kamar kyanwa da ɓera, sai dai ban san waye kyanwar ba. Ya shimfiɗa tabarma kusa da akwatunansa ya ƙi matsawa, ni kuma na fito da kujerata waje ina tsaronsa yana tsarona. Ya miƙo mini kilishi na ce na ƙoshi. Ya miƙo dogon burodin nan nasu na ce ba na ci (ina ci). Na sa ya buɗe gwangwani ɗaya, na jawo zaren hoton da ke naɗe a ciki na ɗaga shi saitin rana, na ga wasu 'yan ƙananan hotuna kamar tururuwa, duk iri ɗaya. Har sansana shi na yi.

"Don Allah, Mushe, kar ka sa mai yatsa!" Isufu ya yi kururuwa. "Wanga abu ba shi son maiƙo! In kana son gani, bari in kunna maka ka gani da idonka, mu huta."

Na yi ta juya maganar, a ƙarshe na yarda. Na ce amma ba a kasuwa ba. A sito za a yi, inda muke ajiye kayan da aka kama, da rana tsaka, a rufe ƙofa, in duba da kaina kafin a saki abin a kan talakawa.

Bayan azahar aka toshe tagogin siton da tabarmi, aka rataye ƙyallen a bango, aka ajiye injin wuta a waje aka jawo waya. Na ce mutum kaɗan nake so, amma kafin in ankara direbobi da 'yan dako da masu gadi sun cika wurin, zafi kamar tanda. Ni ban zauna ba. Na tsaya a gaba, gefen ƙyallen, don in riƙa kallon hoton da ido ɗaya, fuskokin jama'a da ɗayan, in kama daidai lokacin da hankalinsu zai fara gushewa. (Na kuma leƙa bayan ƙyallen. Bango ne.)

Injin wuta ya ƙi tashi, Isufu na waje yana fama da shi. Sai na ga dama ta samu in shirya zukatan mutane. Na gyara murya a cikin duhun nan na fara. Na ba su labarin marubutan Faransa, waɗanda abin nan a gabansu aka haife shi, da yadda suka ga haɗarinsa tun kakannin wasu ba su san shi ba. Na ba su labarin mamacin da ke murmushi a bango, da taron da ya koma tumaki. Ina cikin magana na ji an buɗe ƙofar baya an rufe, na ji Malam Sanda ya ja kujerarsa ya ba wani. Ban kula ba, bakina ya riga ya yi zafi.

Na ce, "Abin da za ku gani ba mutane ba ne, inuwa ce. Wanda bai yi karatu ba shi ke ruɗewa. In kun ji kanku na juyawa ku dube ni, yadda na yi ku yi."

Wani direba ya ce, "Malam, ai mun sha ganinai a Kano."

Na ce, "Gani daban, sani daban." Sannan na ƙara da maganar da har gobe in na tuna sai na ji kamar in shiga rami. Na ce, "Shi kuma babban mutumin da ya kira majigin nan ya ɓoye sunansa, mai yiwuwa ne, ban tabbatar ba, ko dai wawa ne aka yi amfani da shi, ko kuwa munafuki ne."

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka hikimata ce ta ratsa su.

Sai injin ya tashi. Isufu ya shigo ya murɗa wani abu, haske ya keto duhu ya faɗa kan ƙyallen. Rubutu ya fito da Faransanci, na karanta musu: kasuwar Maraɗi ce, wani Bafaranshe ya ɗauka. Ba murya, sai ƙarar injin. Daga nan kuma, jama'a, sai ƙyallen ya buɗe kamar taga. Ga mata da ƙwaryar nono a ka suna tafiya. Ga mahauci yana korar ƙuda. Ga iska tana kaɗa rigar wani mai sayar da tabarmi. 'Yan sito suna ta ihu, "Kai, ga Ɗan Tani can!" "Wallahi rumfar Na-Allah ce!" Su suna ta nishaɗi abinsu, ni kuwa bakina a buɗe. Ba marubucin da ya gaya mini abin yana da kyau haka. Ko sun faɗa, ni ban ja layi a ƙarƙashin wurin ba.

Ban san lokacin da na baro gefe na dawo gaban ƙyallen sosai ba. Hoto ya sauya zuwa layin 'yan fata. Sai ga wani mutum ya fito daga rumfa, da babbar riga da rawani da sanda, yana tahowa a hankali, yana ƙara girma, yana ƙara girma. Tafiyar nan na san ta, ita nake hangowa in canja hanya. Alhaji Bawa ne. Ya zo dab da ni, ya tsaya, ya dube ni ido cikin ido.

Ba zan ce na yi shawara ba. Ƙafafuna ne suka yi. Kafin kaina ya tuna da digiri, takalmana sun fita, gwiwata ta kai ƙasa, idona na kan siminti.

"Barka da yamma, Baba."

Sai murya ta amsa, a hankali, ta cika siton har rufin kwano ya ɗauka: "Barka kadai."

Muryarsa ce, ba ko shakka. Na ce a raina, shi ke nan, matsoratan nan gaskiya suka faɗa, har ma ba su faɗi rabi ba, ga inuwa tana magana. Zuciyata ta ce tashi ka gudu. Amma wa ya taɓa yanke gaisuwar suruki a tsakiya? Ko inuwarsa ce, ai a gama.

"Ina wuni, Baba?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen gida?"

"Suna lafiya."

"An zo lafiya? Ya zafi?"

"Zafi lokacinsa ne."

Duk wannan kaina a sunkuye yake, yadda aka koya mini tun ina yaro: ba a kallon fuskar babba, balle wanda kake neman 'yarsa. Ina shirin tambayar ya kasuwa sai na ji wani ya tuntsire a baya kamar an shaƙe akuya. Malam Sanda ya ce, da muryar da ke karkarwa, "Malam Tafinta, ɗago kanka ka ga wanda kake gaisarwa."

Na ɗago. Alhaji ya daɗe da wucewa. Raƙumi ne ya cika ƙyallen, leɓensa na ƙasa a zube, yana tuƙa, yana kallona ta saman hanci kamar shi ma bai gamsu da ladabina ba.

Dariyar da aka yi a siton nan, ina jin har 'yan duwan sun ji ta a ƙetare. Wani ɗan dako ya faɗi a kan buhunan gishiri yana dukan ƙasa. Direban nan na ɗazu yana ta cewa, "Ya ce yadda ya yi mu yi! Jama'a a durƙusa!" Isufu ya kashe inji yana ta dariya. Aka buɗe ƙofa, haske ya shigo, sai ga Alhaji Bawa na gaske zaune a kujerar Malam Sanda, haɓarsa a kan sanda. Shi kaɗai ne ba ya dariya.

Tunda a durƙushe nake, ban ga amfanin tashi ba. Sai na juya a kan dugadugaina kamar dutsen niƙa, na fuskance shi, na buɗe baki zan sake sabuwar gaisuwa.

"A'a, bari," in ji shi. "Ka gaishe mu, ni da raƙumin, mun amsa." "Tambaya guda gare ni. Ni na kira majigin ga. Ka ce mai yiwuwa wawa, mai yiwuwa munafuki. To, kai da ka yi karatu, wanne ya fi yiwuwa?"

Na ce, "Baba..." Daga nan Hausa ta gudu, Turanci ya gudu, Faransanci ma ya tsallake iyaka ya bar ni. Alhaji ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita.

Daga baya Malam Sanda ya warware mini. Ashe tun da Alhaji ya ji labarin ya fito a hoton Bafaranshen nan yake so mutanen garinsu su gani. Amma yana jin nauyin a ce dattijo kamarsa, Alhaji guda, ya ɗauko majigi don a kalle shi. Shi ya sa ya ce a ɓoye sunansa, a nuna kamar kwatsam aka yi. Wannan ne duk makircin Faransa da na tsare a bakin iyaka. Da ya ga kaya sun ƙi isowa, ya zo da kansa ya ga mai riƙe su.

"Ranka ya daɗe, ka sani tun ranar farko, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"An ce kar a faɗi," in ji Malam Sanda. "Kuma a wurin ga ba kullum muke samun abin kallo ba."

A ranar na saki akwatunan. Na koma ɗakina na kwanta ina kallon rufi, na riga na yi wa auren Hajara sallar gawa. Na fara tunanin neman canjin wurin aiki, ko'ina ne, in dai babu raƙuma. Abinci ma sai a ɗaki nake ci, don in na fito 'yan dako sai su cire takalma su ce, "Barka da yamma, Baba."

Ana nan sai ga kawuna a kan keke, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya zauna ya sha ruwa, ya ja mini rai yadda ya so, sannan ya ce Alhaji ya aiko a kira shi.

"Me ya ce, Kawu?"

"Ya ce a gaya maka bakinka na Turai ne, ba shi da linzami. Amma gwiwarka ta gida ce. Ya ce wanda ya durƙusa ma inuwarsa bai san yana wurin ba, ba don ganin ido yake yi ba. Ya ce gwiwar ya ba ɗiyarsa, bakin kuwa ita ta san yadda za ta yi da shi."

Sai dai da sharaɗi. Ranar kasuwa da aka nuna majigin bayan magariba, ni aka tsayar gefen ƙyalle ina fassara wa jama'a rubutun. Labari ya riga ya zaga har Kusa. Da Alhaji ya fito a hoto ba wanda ya ce uffan, aka yi masa kallon girma yadda yake so. Amma da raƙumin ya leƙo, kasuwa gaba ɗaya ta ɗauka da murya ɗaya: "Malam Tafinta, ga shi nan!"

Littattafan nan har yanzu suna nan a kabad ɗina, ban kuma ce marubutan sun yi ƙarya ba. Sun ce inuwa na iya tanƙwara mutum, na kuwa shaida. Abin da suka manta su rubuta (ko suka rubuta na tsallake) shi ne, wanda ya fi kowa karanta gargaɗin shi ake fara tanƙwarawa. Abin da na koya kuwa bai kai digiri ba, amma ya fi shi yi mini amfani: kada ka yi wa mutane wa'azi a kan abin da ba ka taɓa gani ba, musamman a ɗaki mai duhu da ba ka san wa ke zaune a baya ba. In kuma za ka gaida babba, sunkuyar da kai yadda ya kamata, amma ka riƙa ɗan satar kallo.

Hajara kuwa ta san yadda ta yi da bakin. Yanzu mun tsufa, da jikoki, amma in muna zaune a ƙofar gida ayarin raƙuma ya zo wucewa, ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafarta. Sai dai ta ce, "Malam, cire takalmi, ga su Baba nan."